FILIN MASU MOTA: Matatar Hayaƙi Mai Yalwar Ƙofa, Riba Ce Ko Asara?

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin motar zamani, in ya bi bututun salansa da ido tun daga gindin inji har zuwa baya, zai ga wata 'yar tukunyar ƙarfe kusa da inji, kafin a kai ga babbar tukunyar nan mai kashe ƙara. Wannan ita ce matatar hayaƙi, wadda makanikai a ƙasar nan suke kira Indomie, saboda cikinta ya yi kama da dunƙulen taliyar nan da yara ke so. Ba ta da ko ƙusa ɗaya mai motsi, ba ta shan mai, ba ta bukatar giris. Amma duk da haka tana cikin kayan mota mafi tsada, kuma babu wani sashe na mota da aka fi ɗora wa laifi kamarta.

A Amurka, inda aka fara tilasta amfani da ita, akwai wata babbar kasuwa ta masu sha'awar ƙara wa mota ƙarfi da gudu. Cikin hajar wannan kasuwa akwai wata irin matata da aka faɗaɗa ƙofofinta don hayaƙi ya riƙa wucewa da sauri. Masu sayar da ita suna cewa in mutum ya yanke wadda motarsa ta zo da ita daga masana'anta, ya ɗaura wannan a gurbinta, inji zai yi numfashi sosai, mota ta ƙara zafin nama, muryar salansa ta ƙara kauri. Wannan haja da tallarta sun iso nan ma, ta hanyar intanet da motocin da ake shigowa da su. Saboda haka ya kamata mai mota ya san abin da zai samu da abin da zai rasa kafin ya bar mai walda ya kunna wuta.

ASALIN MAGANAR

Ran 26 ga watan Yuli na 1943 mutanen birnin Los Anjalas suka wayi gari cikin wani irin hazo mai sa hawaye da ƙaiƙayin maƙogwaro. Da yake ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu suka zaci Japanawa ne suka sako musu iskar guba. Ashe abokin gāba yana cikin gida. A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyya ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin motoci ne yake haɗuwa da hasken rana ya haifi wannan hazo.

Wani injiniya Bafaranshe da ya koma Amurka da zama, Eugène Houdry, wanda ya yi suna wajen gano hanyar tace fetur mai kyau, kuma shi kansa masoyin tseren mota ne, ya ƙera matatar da za a ɗaura wa salansa, har aka ba shi takardar mallakar fasaharta a 1956. Sai dai ba ta yi kasuwa ba, domin tun 1923 ake zuba wa fetur dalma don inji ya daina ƙwanƙwasa, dalma kuwa takan lulluɓe cikin matata ta kashe ta cikin ɗan lokaci kaɗan.

Doka ce ta buɗe hanya. A 1970 majalisar Amurka ta zartar da dokar tsabtace iska, wadda ta umarci masu ƙera motoci su rage dafin hayaƙi da kashi 90 cikin 100. A motocin 1975 ne aka fara ganin yawancin motoci suna fitowa da matata, aka kuma kawo fetur marar dalma domin su. Kamfanin Corning ya ƙera saƙar tangaran da ake sa wa a ciki, masanan kamfanin Engelhard, Carl Keith da John Mooney, suka fito da matata mai kashe dafi iri uku a lokaci ɗaya, kamfanin Volvo kuma ya haɗa ta da na'urar auna iska ta Bosch cikin motocin da ya kai Kalifoniya a 1977. Turai ba ta bi sahu sosai ba sai a 1992 zuwa 1993.

To, a nan ne baƙin jinin matata ya samo asali. Matatun farko, musamman na kamfanin General Motors, cike suke da ƙananan duwatsu kamar tsakuwa, waɗanda hayaƙi ke kutsawa tsakaninsu da ƙyar. A daidai wannan zamani kuma ƙarfin motocin Amurka ya faɗi warwas. Motar nan Corvette, abin alfaharin masu son gudu, ta fito a 1975 da ƙarfin doki 165 kacal, alhali injinta mai lita 5.7 ne. Gaskiya ba matata kaɗai ta jawo haka ba, gama an rage matsin silinda saboda sabon fetur, an kuma sake hanyar ƙidayar ƙarfin doki tun 1972. Amma ido abin da ya gani yake kamawa. Jama'a suka ce ga mai laifi nan a ƙarƙashin mota. Corvette ta 2020 ta fito da ƙarfin doki 490, da matatunta a ɗaure, amma har yanzu tsohon zargin bai mutu ba.

ABIN DA KE CIKIN TUKUNYAR

Ko da yake ana ce mata matata, ba irin rariya ba ce mai tare datti. In aka tsaga ta, za a ga wani curi kamar saƙar zuma, mai dubban ƙananan ƙofofi dogaye da suka miƙe daga wannan baki zuwa wancan. An shafe bangon kowace ƙofa da wani irin gari mai kaushi, wanda da za a shimfiɗa fuskarsa da ta rufe filin ƙwallo. A kan garin nan aka barbaɗa ƙarafa uku masu daraja, watau filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda duka duka ba su wuce 'yan giram kaɗan ba.

Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da dafi uku. Na farko iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce kuma take kashe mutanen da suka kwana da janareto a cikin ɗaki, domin jini ya fi saurin kama ta fiye da iskar oksijin har sau 200 da wani abu. Na biyu ɗanyen man da bai gama ƙonewa ba. Na uku iskar naitirojin da zafin inji ya haɗa ta da oksijin ta zama mai cin huhu. Aikin ƙarafan nan kamar na dillali ne da ba ya karɓar la'ada: su haɗa wannan da wancan, su raba wancan da wannan, dafin ya koma tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid da naitirojin zalla, su kuwa suna nan yadda suke ba su ragu ba.

Amma dillalan suna da sharuɗɗa biyu. Ba sa fara aiki sai tukunya ta yi zafin da ya kai digiri 250 zuwa 300, shi ya sa ake kafa ta kusa da inji, shi ya sa kuma yawancin dafin da motar zamani ke fitarwa yakan fita ne cikin minti ɗaya ko biyu na farko bayan an tashe ta da safe. Sa'an nan dole cakuɗar iska da mai ta tsaya kusa da awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur. Na'urar auna iska da ke gaban matata ita ke sanar da kwamfutar mota halin da ake ciki, ita kuma ta ƙara mai ko ta rage, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. In sharuɗɗan nan suka cika, matata mai lafiya tana kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na dafin nan uku.

MAI YALWAR ƘOFA

Bambancin matatar masana'anta da mai yalwar ƙofa a ƙidayar ƙofofi yake. Ta masana'anta takan zo da ƙofofi 400 zuwa 600 a kowane inci murabba'i, waɗansu ma har 900. Mai yalwar ƙofa kuwa takan zo da 100, ko 200, ko 300, kuma sau da yawa ba da tangaran ake yin cikinta ba, da siririn fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka naɗe kamar tabarma. Tun da ƙofofin sun fi faɗi, bangonsu kuma ya fi sirantaka, hayaƙi yakan wuce ba da wahala ba. Wannan gaskiya ne, ba ƙaryar 'yan talla ba ce. Cikin ƙarfen kuma ya fi jure girgiza da buguwa.

Sai dai kowace riba da kuɗinta. A ɗauki misalin ayari a ƙofar gari. In ƙofofi suna da yawa kuma ƙanana ne, kowane fatake sai ya bi ta gaban mai duba kaya. In aka rushe su aka yi 'yan kaɗan masu faɗi, ayari zai wuce da sauri, amma na tsakiya ba wanda zai taɓa kayansu. Haka hayaƙi yake. In bai gogi bango ba, dafinsa bai mutu ba. Masu ƙera matata ta ƙwarai sukan cike wannan giɓi da ƙara yawan ƙarafa masu daraja, shi ya sa takan yi tsada. Ta araha kuwa an rage mata ƙofofi, an kuma rage mata ƙarfen, sai ta zama suna ne kawai. Araha dai ba ta ado.

INA RIBAR TAKE?

Babbar tambaya ita ce wannan: in aka ɗaura mai yalwar ƙofa a jikin salansar da mota ta zo da ita, ba a sake komai ba, ƙarfi nawa za a samu? Amsar ita ce, ga yawancin motocin hawa na yau da kullum, ɗan kaɗan ne ƙwarai, wanda sai na'urar awo ce za ta gan shi, ita ma sai an taka totur har ƙasa inji yana kuka. A tafiyar cikin gari ba za a ji komai ba sai canjin murya, muryar kuwa takan yaudari kunne har mutum ya rantse motarsa ta ƙara gudu.

Dalili a fili yake. Injiniyoyin masana'anta sun auna yawan hayaƙin da injin zai iya fitarwa, suka yanka masa matata daidai wuyansa. Bayan matatar kuma akwai bututu mai faɗi ƙayyadadde, da lanƙwasa iri iri, da tukunyar kashe ƙara, kowanne yana riƙe hayaƙi gwargwadonsa. Wanda ya faɗaɗa kwalbati ɗaya ya bar lambatu a tsuke, bai ƙara wa ruwa gudu ba. Bugu da ƙari, inji ba zai fitar da abin da bai shaƙa ba. Muddin hanyar shigar iska da lissafin kwamfuta suna nan yadda suke, ƙarfin yana nan inda yake.

Akwai inda take da amfani na gaske. Motar da aka sake wa cikin inji don tsere, tana fitar da hayaƙi fiye da abin da aka auna mata tun farko, lalle matatar asali za ta shaƙe ta. Haka kuma inji mai turbo, wanda hayaƙi ke juya masa farfela, yakan amfana in aka rage matsi a bayan farfelar, musamman in an sake lissafin kwamfutar ya dace da sabon halin. Tsofaffin motocin Amurka masu matatar tsakuwa su ma sukan farfaɗo in aka sa musu ta saƙar zuma. Waɗannan ne aka ƙera hajar dominsu.

To, ina labarin masu cewa sun sa ta motarsu ta zama kamar sabuwa? Ba ƙarya suke yi ba, amma sun kuskure dalili. Galibi tsohuwar matatarsu ta riga ta narke ko ta toshe, mota tana nishi a kan tudu. Kowace irin sabuwar matata aka sa mata, ko irin ta masana'anta ce, za ta dawo da ƙarfin da ya ɓata. Mai ciwon da ya warke ba ƙarfin wani aka ƙara masa ba, nasa ne ya dawo.

FITILAR GARGAƊI DA HUKUMA

Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da na'urar auna iska ta biyu a bayan matata, wadda aikinta shi ne sa ido a kan matatar kanta. Cikin garin da aka shafe bango da shi akwai wani sinadari mai ajiye oksijin ya sake shi sannu sannu. In matata tana da lafiya, na'urar gaba takan yi ta hawa da sauka, ta baya kuwa ta zauna kusan shiru. In ta baya ta fara kwaikwayon ta gaba, kwamfuta ta gane matata ta gaza, sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta rubuta lambar nan P0420 da masu duba mota da kwamfuta suka sani sarai.

Mai yalwar ƙofa, musamman ta araha mai ƙofofi 100 ko 200, ba ta iya ajiye oksijin kamar ta asali, saboda haka sau da yawa fitilar takan kama bayan 'yan kwanaki ko 'yan watanni. Daga nan sai a shiga dabaru: a sa wa na'urar baya wani ɗan bututu da zai janye ta daga hanyar hayaƙi, ko a shiga kwamfuta a rufe mata baki, ko a liƙe fitilar da baƙin tef. Duk wannan toshe bakin maigadi ne. Wanda ya saba tuƙi da fitila a kunne, ranar da wata cuta ta gaske ta kama injinsa ba zai sani ba, sai ta ci ta cinye.

Hukumomin Amurka ba su ɗauki abin da wasa ba. A 1986 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar cewa ba a cire matata mai lafiya, kuma wadda za a sa a gurbin matacciya sai ta dace da motar, a kuma kafa ta inda ta asali take. Gyaran dokar da aka yi a 1990 ya sa haramcin ya hau kan kowa, har mai motar da kansa, ba masu gareji kaɗai ba. An kuma wajabta wa masu ƙera motoci su lamunci matatarsu shekara 8 ko mil 80,000. Jihar Kalifoniya ta ƙara tsanantawa daga watan Janairu na 2009: ba a sayar da matata a can sai hukumar jihar ta gwada ta, an buga lambar izni a jikinta, an kuma rubuta irin motocin da ta dace da su. Wannan ne ya sa ake ganin an rubuta wa yawancin masu yalwar ƙofa cewa na filin tsere ne kawai. Mai saye ya lura da rubutun nan, gama mai hajar ne da kansa yake faɗin iyakar hajarsa.

IN AIKIN YA ZAMA DOLE

Matata ba ta cika mutuwa don kanta ba, kashe ta ake yi. In fulogi ko kwayil ya mutu, silinda ta daina ƙona mai, ɗanyen fetur yakan gangara cikin tukunya ya kama wuta a can, har tangaran ya narke ya dunƙule. In inji yana shan baƙin mai, ko ruwan lagireto yana zurarewa cikin silinda, tokarsu takan lulluɓe ƙarafan. Fetur mai yawan farar wuta yakan rage mata kuzari, shi ne kuma yake kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dutse ko tudun kan titi yakan fasa ta, haka kuma shiga ruwa mai zurfi tana da zafi. Wanda ya sa sabuwa bai gyara abin da ya kashe tsohuwar ba, ya bar jaki yana dukan taiki, kuma zai sake biya.

Saboda haka matakin farko shi ne a tabbatar ta mutu ɗin. Makaniken da ya san aikinsa zai kwance na'urar auna iska ta gaba, ya ɗaura ma'aunin matsi a raminta, ya ga ko hayaƙi yana taruwa. Zai bubbuga tukunyar in ta huce, ya ji ko akwai ɓaraguzai masu kacau kacau. Zai duba ko salansa tana yoyo, ko na'urar bayan ce ta tsufa, domin kowanne cikinsu yana iya kunna fitila alhali matata lafiyarta lau.

In ta tabbata sai an sake, matata iri biyu ce a kasuwa: wadda aka ƙera don motar musamman, a ɗaure ta da ƙusoshi kawai, da kuma ta kowa da kowa, wadda sai an yanka bututu an yi walda. Ta farko ta fi sauƙi da aminci. In ta biyu ce, a tabbatar faɗin bakinta ya yi daidai da bututun motar, girmanta kuma ya dace da girman injin. A bi kibiyar da ke jikinta, don tana da gaba da baya. A kafa ta inda ta asali take, kada a ja ta baya inda ba za ta yi zafi da wuri ba. A mayar da na'urorin auna iska gurabensu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a cire su kuma kafin a fara walda. Waldar ta zagaye ba ko hudar allura, gama iskar da ta kutsa ta nan za ta ruɗa kwamfuta ta riƙa zuba mai fiye da kima. A ƙarshe a mayar da faifan tare zafi. Matata mai aiki takan kai digiri 400 zuwa 800, zafin da ya isa ya kunna busasshiyar ciyawa in aka ajiye mota a kanta da rani.

Ga motar hawa ta yau da kullum, wadda ta fi dacewa ita ce irin ta masana'anta, ko wata mai kyau da ƙofofinta suka kai 400. Wanda kuwa ya nace sai mai yalwar ƙofa, to, ya nemi mai 300 daga kamfanin da ya rubuta ma'aunin da hajarsa ta cika.

YADDA ABIN YAKE A NAN GIDA

A 1975, shekarar da matata ta shiga motocin Amurka, a ita ce aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna. Motar nan ba ta da matata, ba ta da kwamfuta, kafireto ne da bututu miƙaƙƙe. A kanta da ire-irenta ne manyan makanikan ƙasar nan suka koyi aiki, suka koya wa yaransu. Da motocin Kwatano da na Beljiyam suka cika tituna, a lokacin fetur yana da dalma, domin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama rabuwa da ita ba sai farkon 2006. Matatu suka yi ta toshewa, maganin da aka sani kuwa ɗaya ne, a sa rodi a farfasa cikin. Dalma ta tafi, har Aljeriya, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina sayar da irin wannan fetur a 2021, amma al'adar rodi tana nan.

Sau da yawa akan ji yaron gareji yana cewa, "Ranka ya daɗe, Indomie ce ta toshe. A fasa ta mota ta sha iska." Mai mota kuma ya ce, "To, Malam, yi abin da ya dace." Wani lokaci gaskiya ne ta toshe. Wani lokaci kuwa ɓaraguzan ake so, domin akwai masu saye. Mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu suke fitowa, faladiyam mai yawa kuma daga Rasha, kuma a watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam ta kusa dala 29,000, ninki goma sha wani abu na kuɗin zinariya. Satar matata ta zama annoba a ƙasashe da yawa, har a watan Nuwamba na 2022 hukumomin Amurka suka kama mutum 21 da ake zargi da cinikin matatun sata na ɗaruruwan miliyoyin dala. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 suka zo Afirka, waɗansunsu kuwa an yanke musu matata tun kafin su hau jirgin ruwa. A wannan shekarar ce ƙasashen ECOWAS suka amince a rage farar wuta a cikin mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, a kuma daina shigo da motocin da hayaƙinsu bai cika ma'aunin Turai na huɗu ba.

A irin wannan hali, mai yalwar ƙofa tana da wani matsayi da ba ta da shi a Kalifoniya. Mai motar da aka sace wa matata, ko ya sayi mota ya tarar da tukunyar fanko, kuma kuɗin ta asali ya fi ƙarfinsa, in ya sami mai yalwar ƙofa ta kirki ya sa, ya yi abin yabo, domin ko rabin dafin ta kashe ta fi bututun banza nesa ba kusa ba. Da babu gara ba daɗi. Amma wanda motarsa ke da matatar asali mai lafiya, ya yanke ta don neman ƙarfin dokin da ba zai ji ba, ya ba da mai tsada ya karɓi mai araha, ya kuma biya ladan walda. Wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama.

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a sha'anin salansa ba haka abin yake ba. Bakin salansa baya yake kallo. Mai mota yana ciki ya rufe gilashi, hayaƙin kuwa yana sauka a kan ɗan acaɓar da ke biye da shi, da ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗa, da mai tallar da ke ratsa cunkoso, da yaron da tsawonsa bai wuce bakin bututun ba. Su ba a shawarce su ba ranar da aka kunna wutar walda. Saboda haka kafin mai mota ya ce a yanka, ya sa a auna. In an yanka, ya karɓi tsohuwar a hannunsa. In zai saya, ya tambayi ƙidayar ƙofofi. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya, amin.